Ƙarin resor ga motar kasuwa: gyara ne, ba ƙarin ƙarfi ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau maganar mota za mu yi. Wani zai ce, me ya haɗa shafin lafiya da noma da aikin garaji? Amsar tana tashar Dakoro. Buhun hatsi ko na wake da ya bar ƙauye, a bayan a-kori-kura yake tafiya. Ragon da za a kai kasuwa mai nisa, haka. Matar da haihuwa ta gagara a ƙaramar likita, idan ba a samu motar asibiti ba, ita ma a nan ake shimfiɗa mata tabarma. Motar da muke kira bashe ita ce jakin wannan zamani. Lafiyarta ta shafi lafiyarmu.

Daga Maraɗi zuwa Dakoro wajen kilomita 120 ne. Hanyar ta tashi daga Tsibiri, ta bi ta Sabon Mashi da Kornaka, kuma an zuba mata gudron. Amma da an bar babbar hanya, sai rairayi da ramuka. Wanda ya nufi Sakabal, ko Barmo, ko Gadabeji, ko ya tsallaka kwarin Tarka da damina, ya san abin da muke nufi. Motocin da ke bin waɗannan hanyoyi, Toyota Land Cruiser da Hilux da sauran tsofaffin Peugeot, kusan duk alama guda gare su. Bayansu ya zauna, gabansu ya ɗaga, kamar kare mai jiran a jefa masa ƙashi. Mai mota ya ga haka, sai ya nufi garaji ya ce a ƙara masa resor.

Mene ne resor, kuma me ya sa yake zama?

Ku leƙa ƙarƙashin bashe ta baya. Za ku ga wani doguwar ƙarfe mai kauri da ya haɗa tayoyin baya biyu. Makanikai suna kiransa pon. A jikinsa, dama da hagu, akwai fallayen ƙarfe da aka jera, babba bisa ƙarami, sun ɗan lanƙwasa kamar baka. Su ne resor, ƴan Najeriya kuma suna cewa sifirin. Kowane falle guda sunansa lam. Bulon guda ne ya ratsa tsakiyarsu ya riƙe su tare. Wasu ƙarafa biyu masu siffar ƙofar ɗaki, waɗanda ake kira birid, su ne suka ɗaure su ga pon. Kusa da su akwai amortiser, wato shokozoba. Shi ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami.

Duk nauyin akwatin mota da kayan da ke ciki a kan resor yake. Idan an ɗora kaya, sai ya miƙe. Idan an sauke, sai ya koma lanƙwasarsa. Amma ƙarfe ma yana gajiya. Shekara da shekaru na lodi fiye da ƙima, sai lanƙwasar ta tafi ba dawowa. Wani lokaci kuma lam guda ne ya karye a tsakiya, ba wanda ya lura.

Masu ƙera mota sun san za a ɗora mata kaya. Shi ya sa sabuwar bashe take fitowa da bayanta sama da gabanta kaɗan. Idan an loda ta daidai, sai ta daidaita. A Amurka, mutane da yawa suna yawo da irin wannan mota ba kaya a ciki. Tsayin bayan ba ya yi musu kyau a ido. Don haka suke sayen wasu ƴan zobba na ƙarfe, a sa su a saman resor na gaba, gaban ya tashi da santimita 4 zuwa 6. Wannan shi ne abin da ake sayarwa da sunan kayan daidaita mota. Ado ne, da neman wurin sa manyan tayoyi. Mu a nan matsalarmu ta juya. Bayan ne ke faɗuwa. Wanda ya ɗaga gaban motar kaya ya ƙara wa Borno dawaki, domin da an loda ta, hancinta zai ƙara kallon sama.

Mota mai zaunannen baya tana da haɗari, wannan gaskiya ne. Nauyi ya bar tayoyin gaba, alhali su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Sitiyari sai ya yi sako-sako a hannun direba. Fitilu su haska rassan itace maimakon hanya, su kashe idon mai tahowa. A kowane rami, shasi ya bugi pon. Saboda haka mai motar da ya nemi gyara bai yi laifi ba. Inda ake kuskure shi ne abin da ake tsammani bayan gyaran.

Akumari ba ƙafa ba ne

Idan bayan jaki ya yi miki, mukan ƙara masa kaurin akumari. Jakin ya ji daɗi, mangala ta zauna daidai. Amma akwai manomin da zai ce, tun da na ƙara akumari, bari in ninka kayan? Ƙafafun nan huɗu su ne dai na jiya.

Haka mota take. Ƙarin lam yana ɗaga baya, ya mai da mota daidai. Bai taɓa pon ba. Bai taɓa rulma da ke cikin taya ba. Birki shi ne na da, taya ita ce ta da, shasi shi ne na da. Abin da ya fi muni, dā zaman bayan shi ne ke gaya wa direba cewa kaya sun isa. Yanzu an rufe bakin mai gargaɗi. Mota tana tsaye ƙyam da buhu goma sha biyar, sai a ce ai da sauran wuri.

Bari mu yi lissafi tare. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar abin da bai wuce tan guda ba, wato kilo 1.000, ko kusa da haka. A cikin wannan har da direba da duk wanda ya hau. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Buhu 8 sun zama kilo 800. Direba da yaron mota, a ce kilo 130. Bido biyu na ruwa, kilo 50. Jimla kilo 980. Mota ta cika ke nan, ko fasinja guda bai hau ba. To, a ɗora mutum 15 bisa buhunan, kowane a ƙiyasta shi kilo 60. An ƙara kilo 900. Motar tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tasha ranar kasuwa ya san ba mu kai ƙarshen abin da ake yi ba.

Ba sai an yi gardama da direba a kan wannan ba, domin a rubuce yake. Takardar mota, wadda ake kira kart giris, tana ɗauke da nauyin da aka yarda motar ta kai. Akwai kuma ɗan allon ƙarfe da kamfani ya manna a jikin mota, ko a bakin ƙofa ko kusa da inji. Taya ma tana magana. A gefenta, bayan lambar girma, akwai wata lamba mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Lamba 100 tana nufin kilo 800. Lamba 106, kilo 950. Lamba 112, kilo 1.120. Wannan kuwa sai idan iska ta cika yadda ya kamata. Akwai kuma lambobi huɗu a cikin ɗan da'ira mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle a zafin ƙasarmu. Mai karatu, ka gwada duba wannan a tasha. Za ka sha mamakin shekarun wasu tayoyin da ke ɗauke da ƴan'uwanmu.

Yadda ake aikin idan za a yi shi daidai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan aiki ba na daren jajibirin kasuwa ba ne. Yana son yini guda da natsuwa.

Da farko a sauke kome daga mota, a tsai da ita a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A ɗauki mita a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin mota da ke samanta. A rubuta lambobin huɗu a takarda. Idan gefe guda ya fi ɗaya ƙasa sosai, to akwai abin da ya karye ko ya gaji a can. Sai a wanke resor, a bi shi lam bayan lam. A duba robobin da ke bakinsa biyu. A duba ko amortiser yana yoyon mai. Sau da yawa motar ba ƙari take so ba, canjin abin da ya mutu take so. Sabon lam bisa karyayye asarar kuɗi ce.

Sa'an nan a tokare tayoyin gaba da itace, gaba da baya. A ɗaga mota da kirik. Idan ƙasa mai rairayi ce, a sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa. A nan muna so mu ja kunne da ƙarfi. Kirik na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kafin kowa ya sa kansa ƙarƙashin mota, a tallafi shasi da ƙafafun ƙarfe ko gumagumai masu ƙwari. Tubalin ƙasa da bulo na siminti suna fashewa ba sallama. Motar da ba kome a cikinta ma tana kusa da tan biyu. Yawanci kuma yaro ɗan koyo ake turawa ƙasa. Ɗan wani ne, amana ce a hannun maigidansa.

A cire taya, a kwance ƙasan amortiser, a kwance birid. Lokacin da ake raba pon da resor, a sa ido ga tiyon roba na man birki, kada ya miƙe ya tsage. Kafin a kwance bulon na tsakiya, a matse fallayen da abin matsewa. Ƙarfe ne mai ƙarfin baka. Idan ya kuɓuce, yana karya yatsa, yana fasa ido. A goge tsatsa, a sa sabon lam a gurbin da tsawonsa ya dace, dogo a sama, gajere a ƙasa. Faɗinsa ya zama daidai da na sauran. Tun da kauri ya ƙaru, sai an sa sabon bulon na tsakiya mai tsawo. Kansa kuma ya shiga ramin da aka yi masa a jikin pon. Idan bai shiga ba, pon zai goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa, tana cin taya.

Birid ma sabo za a sa. A nan ne masu mota suka fi son tsimi, a nan ne kuma tsimin ya fi tsada. Tsohon birid ya riga ya miƙe, haƙoransa sun ci. Ga shi ya gajarta, noti ba zai kama shi da kyau ba. A ɗaure notocin huɗu kaɗan kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, har su yi daidai. Bulon ɗin da suka ratsa roba kuwa, ba a gama ɗaure su sai mota ta sauka bisa tayoyinta. Abin da aka yi wa dama, shi za a yi wa hagu, ko da hagun bai nuna gajiya ba. A sake awo, a gwada da lambobin da aka rubuta. Abin nema shi ne mota ta koma tsayinta na asali. Lam guda, ko biyu idan ya yi yawa, ya isa wannan.

Akwai abubuwan da muke gani a garaji waɗanda ba gyara ba ne. Walda a jikin lam ba ta riƙewa, a nan gefen waldar zai sake karyewa. Gasa shi da wuta don a lanƙwasa shi yana kashe ƙarfinsa. Maƙeranmu sun fi kowa sanin wannan. Da tsohon resor suke ƙera gatari da adda da wuƙa, sun kuma san yadda wuta da ruwa ke sauya halin ƙarfen. Karyayyen lam, wurin maƙeri ya dace da shi. Haka nan cusa guntun itace ko tsohuwar taya tsakanin pon da shasi. Mota za ta tashi, amma resor ya daina aiki. Duk bugun hanya zai tafi kai tsaye ga shasi, har ya tsage.

Wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanke shi a wurin aiki, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu. Kada a zuba masa man birki ko baƙin mai. Ya je likita a duba ko yana bukatar allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki.

Game da gaba, motocin sun bambanta. Tsohuwar Land Cruiser 75 fallaye gare ta gaba da baya. Wadda ta gaje ta a 1999, mai lamba 79, resor mai murɗi gare ta a gaba. Hilux ta zamani ma haka. Resor mai murɗi, idan an matse shi, yana iya tashi ya kashe mutum, sai mai kayan aikinsa ya taɓa shi. Ɗaga gaban Hilux fiye da kima yana cin rotil da kardan da wuri. Duk kuma wanda ya taɓa tsayin gaba, dole ya kai mota a daidaita tayoyi.

Bayan an fito daga garaji

Aiki bai ƙare ba. Sabon birid yana saki bayan tafiyar farko. Idan mota ta je Maraɗi ta dawo, a sake bin notocin da kile. Da dare a tsai da ita gaban bango, a daidaita fitilu su kalli hanya.

Akwai wani ɗan abu da yawancin direbobi ba su san da shi ba. A Hilux da Land Cruiser da yawa, akwai wata ƴar na'ura a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa ta da pon. Ita ce ke auna zaman mota. Idan baya ya zauna, sai ta gane akwai kaya, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. To, an ƙara lam, baya ya daina zama. Na'urar tana ɗauka ba kome a mota, alhali tan guda ne a kanta. Birkin baya ya ragu ke nan a lokacin da aka fi bukatarsa. Mai mota ya tambayi makanikinsa: «Maigida, ka daidaita na'urar birkin baya?» Idan bai san ta ba, a nemi wanda ya sani.

Tsayi kansa yana da farashi. Tulun da ke bisa kai ya fi wanda ke ƙasa saurin faɗuwa. Duk santimitar da aka ƙara wa mota, an ƙara mata saurin kifewa a kwana, ko a gefen tudun rairayi. Idan aka haɗa da kaya masu tsayi da mutane a samansu, abin ya ninka. Don haka kaya masu nauyi su zauna ƙasa, can gaba kusa da kan mota. Marasa nauyi, irin su tabarmi da ƙwarya, su ne na sama. Kada a rataya buhuna a ƙofar baya, domin nauyin da ya wuce pon yana ɗaga gaba kamar sikeli. Gudu kuma ba ya yafiya. Idan gudu ya ninka, nisan da mota za ta yi kafin birki ya tsai da ita yakan ninka sau huɗu.

Direbobinmu suna rage iskar taya idan za su shiga rairayi. Dabara ce mai kyau. Amma da an hau gudron, a mai da iskar. Taya mai ƙarancin iska, ga lodi, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ita ce ke fashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 a shekara. Ta ce kuma idan an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Idan marar lafiya za a ɗauka

Resor mai yawa yana da wani aibi da ba a gani sai mota ba ta da kaya. Ya yi tauri, ba ya lanƙwasa. Kowane rami sai akwatin ya yi tsalle kamar amalanke. Ga buhu wannan ba kome ba ne. Ga mace mai naƙuda, ko mai zubar jini, ko wanda ya karye, azaba ce. Sau da yawa kuwa motar da aka ɗauko da dare don marar lafiya ba kaya a cikinta.

Idan akwai hali, a nemi motar asibiti tukuna. Idan babu, a kwantar da marar lafiya can gaba, jikin kan mota, domin nan ne girgiza ta fi sauƙi. Bakin ƙofar baya ya fi ko'ina bugu. A shimfiɗa katifa, ba tabarma kaɗai ba. Mai ciki ta kwanta bisa gefenta na hagu. Wanda ya karye, a ɗaure wurin da sanda kafin a ɗaga shi. Buhu biyu ko uku da aka ɗaure da kyau a kan pon suna sa resor ya fara aiki, tafiya ta yi laushi. Masu rakiya kada su wuce biyu ko uku. A gaya wa direba tun kafin ya tashi cewa ya bi a hankali a wuraren ramuka, ya bar saurinsa sai ya hau hanya mai kyau.

Ƙungiyoyin manoma da ke haɗa kuɗi su ɗauki hayar mota lokacin kaka suna da bakin magana fiye da fasinja guda. Su ke biya, su ke da ikon cewa buhu goma ne, ba goma sha takwas ba. Sawu biyu ya fi sawu guda cin mai, wannan ba mu musa ba. Amma sakataren ƙungiya ya ɗauki alƙalami ya rubuta kuɗin sawu na biyu a gefe guda. A ɗaya gefen ya rubuta kuɗin pon da ya karye tsakanin Sakabal da Dakoro, da kwana biyu ana gadin hatsi a daji, da kasuwar da ta ci ba da su ba. Ya karanta wa taro duka biyun, kafin a kira direba a yi ciniki.